MALAMAN AREWA NA FARKO A LANDAN: ABIN DA BAƘUNCI YA KOYA MUSU

Kowace shekara mukan ji labarin malaman makaranta da ɗaliban koyon malanta waɗanda suka sami zarafin fita ƙasashen waje ƙaro ilmi, waɗansu Ingila, waɗansu Masar, waɗansu Indiya ko Malesiya. Ran tashi akan taru a yi musu rakiya da addu'a, ran komowa kuma akan taru a duba takardar shaidar da suka zo da ita. Amma abin da ya auku tsakanin rakiyar nan da tariyar nan, watau yadda mutum ya yi fama da zama cikin mutanen da abincinsu da gaisuwarsu da ladabinsu duk suka saɓa wa nasa, ba a cika tambaya ba, su ma matafiyan ba su cika faɗi ba. Mu kuwa a ganinmu rabin karatun a nan yake. Saboda haka muka ga ya kyautu mu waiwaya mu duba yadda magabatanmu suka yi, malaman Arewa na farko da aka tura Landan koyon aikin malanta a shekarun 1945 da 1946, don masu shirin tafiya su san irin hanyar da za su taka.

YADDA AKA FARA

A zamanin nan da muke magana babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Ta Badun sai 1948 aka buɗe ta, ta Zariya kuwa sai 1962. Iyakar karatun boko ga ɗan Arewa ita ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938. Wanda ya gama can yakan zama malamin Midil ko ma'aikacin En'e, shi ke nan kuma ya kai maƙura. Da yaƙin Hitila ya zo ƙarshe sai Gwamnati ta ga ba makawa a sami 'yan ƙasa masu zurfin ilmi da za su riƙe makarantu, ta zaɓi waɗansu malamai 'yan kaɗan ta aika da su Makarantar Koyon Aikin Malanta ta Jami'ar Landan, karatun shekara guda.

Cikin waɗanda suka tafi a 1945 akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Hedimasta na Midil ta Bauci, magidanci wanda ya haura shekara 30, ya kuma yi shekara 12 yana koyarwa. A 1946 aka tura waɗansu, cikinsu har da Malam Aminu Kano, matashi ɗan shekara 26, wanda shi ma a Midil ta Bauci yake koyarwa tun 1942. To, ga mutum biyu daga makaranta ɗaya, aka kai su makaranta ɗaya a gari ɗaya, shekara guda ce tsakaninsu. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Hanyar da aka saba bi a lokacin ita ce jirgin ƙasa daga Kano ko Jos zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ruwa wajen mako biyu a kan teku. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ko Kwara faɗi ba, sai ga shi kwana da kwanaki ba ya ganin gaɓa. Tun cikin jirgi baƙuncin yake farawa, don a nan ne ake fara ajiye wa mutum cokali da wuƙa da cokali mai yatsu, a kuma buga ƙararrawar cin abinci ko yana jin yunwa ko ba ya ji.

GARIN DA SUKA TARAR

A littattafan makaranta an koya musu Landan ita ce cibiyar daular da rana ba ta faɗuwa a cikinta. Gani ya kori ji. Abin da suka tarar gari ne da ya fito daga yaƙin shekara shida, unguwanni da yawa kangaye ne saboda ruwan bom, mutane kuwa sanye da tsofaffin tufafi. Abinci rabo ake yi. Kowane mutum, baƙo da ɗan gari, yana da ɗan littafi wanda sai ya nuna shi za a sayar masa da nama ko sukari ko man shanu ko ganyen shayi, gwargwadon abin da doka ta yanka masa, ko da kuwa aljihunsa cike yake da kuɗi. Ƙwai sau da yawa ɗaya ne a mako. Burodi, wanda ko a tsakiyar yaƙi ba a taɓa ƙayyade shi ba, a watan Yuli na 1946 ya shiga cikin rabo, ba a sake shi ba sai 1948. Tufafi ma da takardar rabo ake sayensu har 1949, nama kuwa har 1954. Malamin da ya bar gida inda ba a auna wa baƙo tuwo, ya zo babban birnin masu mulkinsa ya iske ana auna wa kowa loma.

Sa'an nan ga sanyi. Mu nan in hunturu ya tsananta mukan hura wuta da asuba, hantsi na ɗagawa mu koma inuwa. Waɗanda suka tafi a 1946 kuwa sun faɗa cikin wani sanyi wanda Turawa da kansu har yanzu suna ba da labarinsa. Daga ƙarshen watan Janairu na 1947 har tsakiyar Maris dusar ƙanƙara ba ta daina zuba a ƙasar ba. Hanyoyin jirgin ƙasa suka toshe, kwal ya kasa isa gidajen wutar lantarki, har a watan Fabrairu Gwamnati ta hana gidaje amfani da lantarki awa biyar kowace rana. A ɗakunan haya da yawa abin ɗumama ɗaki ba ya kamawa sai an jefa sule cikin wani ɗan akwati, kuɗin na ƙarewa wuta ta mutu. Ɗalibi sai ya zaɓa, ko ya ƙona kuɗin guzurinsa, ko ya yi karatu cikin bargo.

SALLA DA AZUMI

Abin da ya fi sanyi nauyi ga Musulmi shi ne sha'anin ibada. A gida ladan ke tashe ka, inuwa ke gaya maka azahar ta yi, ga buta a ƙofar aji. A Landan ba ko ɗaya. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, in ma an gan ta ke nan saboda hazo da hayaƙin kwal. Watau azahar da la'asar da magariba duk suna iya faɗowa cikin lokacin darasi. Masallatai kuma ƙalilan ne. Akwai na Woking da aka gina a 1889, wajen mil 25 daga Landan, inda Musulmi daga ƙasashe dabam-dabam kan taru sallar idi. Akwai wani a gabashin birni da aka buɗe a 1941 cikin gidajen da aka gyara, akwai kuma Cibiyar Musulunci da Sarkin Ingila Joji na Shida ya buɗe a 1944.

Azumi kuwa a shekarun nan cikin bazarar Turawa ya faɗo, sa'ad da yini ya fi tsawo. Na 1946 ya kama a ƙarshen Yuli, na 1947 bayan tsakiyar Yuli. A Kano mai azumi ba ya wuce awa 14 da 'yan mintoci bai sha ruwa ba, a Landan kuwa a irin wannan lokaci sai ya kusa awa 18. Bugu da ƙari, a 1947 an tura agogon ƙasar gaba da awa biyu don tsimin kwal, saboda haka ran da aka ɗauki azumi, sai bayan ƙarfe 10 na dare bisa agogo rana ta faɗi.

Ga kuma batun nama. Naman alade yana cikin abin da Bature ke karya kumallo da shi, yankan sauran naman kuma ba a san wanda ya yi ba. Abin da ya rufa wa Musulmi asiri shi ne kifi, gama shi ba a sa shi cikin rabo ba. Wanda zai zauna a gidan haya dole tun ran farko ya yi wa mai gidan bayani, da ladabi, abin da yake ci da abin da ba ya ci. Wannan bayani shi ne jarrabawar farko, ba kuwa wanda ya rubuta ta cikin manhaja.

LADABI YA SHA BAMBAN

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Bahaushe in zai girmama babba yakan tuɓe takalmi, ya bar hularsa a kai, ya rusuna, ya sunkuyar da ido. Bature kuwa hula yake cirewa, ya bar takalminsa, ya miƙe tsaye, ya dubi babban cikin ido. Wanda ya ƙi duban idonsa sai ya zaci yana ɓoye wani abu ne. Ashe abin da aka yi shekaru ana koya wa yaro a zaure a kan shi ne kunya, can sai a fassara shi rashin gaskiya. Mu mukan tsaya mu tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi kafin mu faɗi abin da ya kawo mu. Can kuwa mutane za su cika jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa ya buɗe jarida ya rufe fuskarsa, a yi tafiyar rabin awa ba wanda ya ce wa wani sannu. Baƙo sai ya ɗauka ƙinsa ake yi, alhali su a wurinsu barin mutum ya sha iska shi ne mutunta shi.

Amma kada mu ɓoye, akwai ƙiyayyar ta gaskiya ma. Ɗaliban Afirka da yawa na zamanin sun ba da labarin yadda akan ga tallar ɗakin haya, in an je mai gida ta ga baƙar fata sai ta ce an riga an kama. Wannan matsala tana cikin abin da ya sa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda ake kira WASU, da wani Bayarabe mai suna Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a 1925, ta buɗe masauki nata na kanta a Landan. Gwanintar baƙo ita ce ya iya rarrabe waɗannan biyu, ya san inda al'ada ce kawai ta bambanta don kada ya yi fushi a banza, ya kuma san inda wulakanci ne don kada ya haɗiye shi yana murmushi.

A CIKIN AJI

Makarantar da aka kai su tana da sashe na musamman domin malaman ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Shugabar sashen daga 1940 zuwa 1955 mace ce, Dokta Margaret Read, wadda ta yi zaman bincike cikin ƙabilar Ngoni a ƙasar da yanzu ake kira Malawi. Ga mutanen da suka fito daga inda makarantar 'yan mata ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, zama gaban mace ana ɗaukar karatu shi kansa darasi ne. Abokan karatunsu kuma daga ƙasashe masu nisa suke, kowa da irin Razdan ɗin da ya baro a gida, in an zauna hira sai a ga ciwon iri ɗaya ne.

Irin koyarwar ma dabam ce. Malami ba ya son a maimaita masa abin da ya faɗa, so yake a yi masa gardama da hujja. Da aka kai su makarantun yara gwajin koyarwa suka ga yaro ɗan shekara takwas yana ɗaga hannu ya tambayi malami dalili, ba a kuwa ce ya yi rashin kunya ba. Suka ga ƙasar da ke auna burodi ba ta fasa kashe kuɗi a kan yara ba. Dokar ilmi ta 1944 ta sa karatun sakandare ya zama kyauta, daga 1946 ana ba kowane ɗan makaranta madara kyauta kullum, a watan Afrilu na 1947 kuma, sanyin nan bai daɗe da wucewa ba, aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 15. Malam Aminu bai tsaya a Landan kaɗai ba. Ya zauna cikin manoma a ƙauyukan Wales, a watan Agusta na 1947 kuma ya halarci babban taron 'yan Sikawut na duniya a Faransa.

BATURE A GIDANSA

A nan Arewa ba a san Bature ba sai a matsayin Razdan, ko Di'o, ko Joji, ko likita, ko manajan kanti. A Ingila kuwa malamanmu suka ga Bature ɗan dako, Bature mai shara, Bature mai haƙar kwal, suka ga kuma talakawan nan su ne masu naɗa Gwamnati. A watan Yuli na 1945 Mista Cocil, Firayim Ministan da ya ja ƙasar har ta ci yaƙi, talakawa suka ka da jam'iyyarsa da ƙuri'a, ya sauka ba tare da an harba bindiga ko ɗaya ba, Jam'iyyar Leba ta hau. A wani lungu na filin Hyde Park mutum kan hau akwati ran Lahadi ya soki Gwamnati iyakar ƙarfinsa, ɗan sanda na tsaye yana tsaron lafiyarsa. A watan Agusta na 1947 kuma Indiya ta sami 'yancin kanta. Duk wanda ya ga waɗannan da idonsa, ba zai koma ya dubi zaman ƙasarsa kamar da ba.

To, a nan za mu komo kan mutum biyun nan. Malam Abubakar ya faɗa daga baya cewa ya komo da sababbin idanu, don ya ga mutanen da ke zaune ba tsoro, masu bin doka kamar halittarsu ce, waɗanda suka san 'yancin mutum. Malam Aminu kuwa ya yi cuɗanya da 'yan Jam'iyyar Leba da masu ra'ayin gurguzu, abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne ƙarfin da talaka ke da shi in ya haɗa kai da ɗan'uwansa. Ba mu ce Landan ce ta haifar musu da tunani ba. Tun kafin su tafi, a Bauci, suna zaman tattauna al'amuran ƙasa tare da Malam Sa'adu Zungur. Kowannensu ya tafi da tambayarsa, ita ce kuma ta nuna masa inda zai duba.

KOMOWA GIDA

Akan ɗauka wahalar baƙunci tana ƙarewa ran da aka sauka daga jirgi. Sau da yawa ran nan wata sabuwa ke farawa. Wanda ya saba yi wa shaihin malami gardama a Landan, ya komo inda zai tuɓe takalmi tun daga nesa in zai ga hakimi, ya kuma jira iznin Baturen makaranta kafin ya sāke ko da jadawalin aji. Dattawa na dubansa su ga ko ya zama Bature, Turawa na dubansa su ga ko ya zama ɗan tawaye. In ya yi shiru karatun ya tashi a banza, in ya yi garaje a ce girman kai ya ɗebo.

Malam Abubakar ya komo a 1946 da rigarsa da hularsa, ya ci gaba da aikin ilmi a En'e ta Bauci, ya shiga Majalisar Arewa, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko. Malam Aminu ya komo ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, aka kuma mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Watan Agusta na 1950 ya nuna abin da kowa ya ɗauko. A watan nan Malam Abubakar ya miƙe a Majalisa a Kaduna ya kawo shawarar a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, maganar da ta girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. A watan nan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kafin shekara ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya shiga siyasa sosai, daga baya ya zama shugabanta. Ɗaya ya nemi gyara daga cikin gida, ɗaya daga waje. Na farko ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu na 1966. Na biyu ya rasu a 1983 yana jagoran talakawa. Allah ya ji ƙansu. Sun saɓa a siyasa ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa cewa ɗayansu ya bar addininsa ko harshensa a bakin teku.

Kada kuma a zaci sai a ƙasar Turawa ake baƙunci. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta tura waɗansu malaman Arabiyya, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, zuwa makarantar horon malamai ta Bahtur Ruda a Sudan, wadda aka kafa a 1934 kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Can akwai ladan, akwai yankan Musulmi, akwai ma Hausawa mazauna ƙasar tun zamanin kakanni. Duk da haka Larabcin kasuwa ba shi ne na littafi ba, kisira ba tuwo ba ce, hanyar koyarwa kuma ba ta zaure ba ce. Ko'ina mutum ya je sai ya koma ɗan koyo.

GA MASU SHIRIN TAFIYA

Zamani ya sāke. Tafiyar mako biyu ta koma ta awa shida ko bakwai, wasiƙar da kan yi makonni a hanya ta koma magana ta waya fuska da fuska, masallatai da mahautan Musulmi sun yawaita a Landan. Makarantar nan ma tun 2014 an haɗe ta da wata babbar kwaleji ta Jami'ar Landan. Sai dai sauƙin nan yana da nasa tarko. Magabatanmu ba su da mafita sai su shiga cikin mutanen gari. Ɗalibin yanzu kuwa yana iya yin shekara uku a ƙasar waje, jikinsa na can, kunnensa da idonsa na cikin waya a gida, ba ya cin abinci sai da 'yan garinsu, ya komo da takarda bai san maƙwabcinsa ba.

Shawararmu ga malamin da zai tafi ita ce, tun kafin ya tashi ya zauna ya rarrabe abin da yake addini ne da mutunci, wanda ba a sayarwa, da abin da yake sabo ne kawai, wanda ba laifi a ajiye shi na ɗan lokaci. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, amma ba a ce ka yanke ƙafarka don ka yi kama da su ba. In ya isa, ya yi tambaya kafin ya yi fushi. Ya nemi a kai shi makarantun yara na ƙauye da na unguwannin talakawa, gama a can ake ganin gaskiyar ilmin ƙasa. Ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, yana auna wanne zai yi a ajin da ke da yara 80 da allo ɗaya, wanne ba zai yi ba.

Ku kuma shugabannin makarantu da ma'aikatan ofisoshin ilmi da za ku karɓe shi in ya komo, kada ku tsaya ga duban takardarsa kaɗai ku sa a fayil. Ku tara malamai ku ba shi wuri ya faɗi abin da ya gani, ku ba shi aji ko biyu ya gwada. Kuɗin jama'a aka kashe a kansa, 'ya'yan jama'a kuma su ya kamata su ci amfanin tafiyar. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, ya sa abin da suka koyo ya amfani ƙasa. Amin.